Maganin ciwon damuwa ya shiga inshora, saura a faɗa wa majinyaci abin da yake yi wa shimfiɗar aure

Tun watan Nuwamban 2024 hukumar inshorar lafiya ta Ghana ta sa ciwon damuwa cikin cututtukan da katin NHIS ke ɗaukar nauyinsu, tare da wasu larurorin ƙwaƙwalwa uku. A wajenmu mutanen arewa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati, wato na Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke. Mu nan Tamale da sashen da ke Asibitin Koyarwa muka dogara, sai ma'aikatan jinya na gundumomi da ƙungiyoyi irin BasicNeeds.

To amma samun magani daban, ci gaba da shan sa daban. Magunguna irin fluoxetine, na rukunin da likitoci ke kira SSRI, suna ƙara aikin sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa. Hakan na ɗaga zuciyar da ta karaya, sai dai ga mutane da yawa yana rage sha'awa. Namiji kan ga rauni ko jinkirin kawowa, mace kuma ta ji jikinta ya daina amsawa. Amitriptyline ma, tsohon maganin da aka saba bayarwa, yakan yi haka. A 2019 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta sa a rubuta a takardar magungunan SSRI cewa matsalar kan ɗore ga wasu ko bayan sun daina sha.

Ni malamin makaranta ne, na san yadda ɗalibi ke haɗiye tambayar da yake jin nauyinta. Haka babba yake a gaban nas, musamman in mace ce sa'ar 'yarsa, ga layi a bayansa. Ba zai faɗa ba, in ba a tambaye shi ba. Sai ya koma gida, uwargida ta fara zargin ko ya yi budurwa. In matar ce ke shan maganin, miji ya ce ta raina shi, dangi kuma su ce sammu ne.

Daga nan hanya biyu mutane ke bi, kuma duk ba sa ɓullewa. Wani ya ajiye maganin lokaci guda, sai jiri da rashin barci su taso, ciwon kuma ya dawo, alhali ƙa'ida a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. Wani kuma ya nufi masu tallar maganin maza a tasha, ko ya nemi tiramol, wanda kowa ya san yadda ya addabi samarinmu. Haɗa tiramol da fluoxetine na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya da zazzafan zazzaɓi mai kai mutum kabari. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Alhali akwai mafita. Likita na iya rage yawan maganin, ko ya canza shi zuwa wanda bai cika taɓa sha'awa ba, irin mirtazapine, in ana samunsa. Shi kansa ciwon damuwa yana kashe sha'awa, don haka likita ne zai tantance ko ciwon ne ko maganin.

A ganina nauyin buɗe maganar yana kan ma'aikacin lafiya. Tun ranar farko ya faɗa da Dagbanci ko Hausa, a keɓe, cewa wannan na iya faruwa kuma yana da gyara, sannan ya sake tambaya a zuwa na gaba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ba majinyaci haƙƙin sanin abin da ake ba shi. Limamanmu ma da nasu rabon, tunda gabansu ake kai ƙarar aure. Kafin a yanke hukunci, Malam ya tambaya ko ɗayansu na shan wani magani.

Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, kar ki daina maganin da kanki, kar ka daina da kanka. Ku koma asibiti ku faɗa, in da hali tare da abokin zama. Neman lafiya ba abin kunya ba ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da gidajenmu lafiya.