Marubuci, Wa Ya Ce Maka Birki Na Tsinkewa Haka Kawai?



Akwai wata jimla da ta ishe mu a labaran da ake sakawa a zaurukan marubuta: kwatsam sai birki ya tsinke. Da zarar marubuci ya gaji da wani tauraro, ko yana son mayar da yarinya marainiya kafin babi na uku, sai ya ɗora uban a kan babur, ya kai shi gangare, ya tsinke masa birki. Layi biyu an gama da shi. Daga nan sai zaman makoki, wata tsohuwa ta ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, labari ya ci gaba.

Mu dai mun ce wannan lalaci ne, kuma lalaci mai cutarwa. A duk kayan da ke jikin babur, da wuya a sami wanda ya kai birki yawan kashedi. Kafin ya ƙi ci yakan yi makonni yana kuka, yana ja da baya, yana nuna alama. Marubucin da ya kashe mutum da birki ba tare da ya bari mun ji wannan kukan ba, ya yi wa mai karatu ƙarya, ya kuma ƙara masa imani da cewa babu abin da mai babur zai iya yi.

Yawancin baburan da ke titunanmu, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, birkinsu yana cikin kwanon ƙarfen nan da ke tsakiyar taya. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata, an manna wa kowanne wata fata mai kaushi. Su ne takalman birki. In ka matsa birkin hannu ko ka taka na ƙafa, waya ko sandar ƙarfe ce ke juya wani ɗan ƙarfe ya buɗa takalman, su danni cikin kwanon, taya ta rage gudu. In ka saki, sifirin ya maido su. Wasu baburan kuma faifai ne a gabansu, wanda 'yan fatu biyu ke matsewa ta gefe da gefe da ƙarfin man birki. Ko wanne ne, fatar nan ce ke cinyewa a hankali. Dama an yi ta ne don ta ƙare a sauya.

Kukan birki kuma iri-iri ne, kowanne da abin da yake faɗa. Akwai na safe bayan ruwan sama ko bayan an wanke babur. Danshi ne da ɗan tsatsa, in aka taka sau biyu ko uku sai ya ɗauke. Akwai na ƙura, wanda ya fi yawa da hunturu da kuma a hanyoyin ƙauye. Maganinsa a cire taya a goge cikin kwanon, kuma ba a busa ƙurar da baki, domin wasu fatun masu araha na ɗauke da asbestos mai illa ga huhu. Akwai na fatar da ta sha zafi har fuskarta ta yi sulɓi tana sheƙi kamar gilashi, wanda yakan sami mai ɗora ƙafa a kan birki yana tafiya. In da sauran kauri, a ɗan goge ta da sanfefa ta dawo da kaushinta. Akwai kuma gurnanin ƙarfe na cin ƙarfe. In aka kai nan, fata ta ƙare ƙaf, takalmin yana sassaƙar kwanon, kuma wanda ya ƙi sayen takalmi yau zai sayi takalmi da kwano gobe, in ya kai goben.

Mafi muni shi ne wanda kukan ya dama, sai ya ɗiga wa birkin baƙin mai don ya yi shiru. Zai yi shirun kuwa, domin ya daina ci. Fatar da ta sha mai ko giris ba ta da gyara, ko an wanke ta da fetur, sai dai a jefar.

Ba kunne kaɗai birki ke yi wa magana ba. Birkin hannu ya fara taɓo kan babur kafin ya ci. Na ƙafa ya riƙa nutsewa. Bakanike ya yi ta ɗaure notin saiti har zarensa ya ƙare. A baburan da yawa akwai 'yar kibiya a jikin hannun da ke gefen taya. In aka matsa birki ta yi daidai da alamar da ke kusa da ita, takalmin ya gama aikinsa. Ko wayar da kuke cewa ta tsinke, sili-sili take tsinkewa, kuma duk wanda ya sunkuya ya duba zai ga gashinta a tashe tun kafin ranar. To ina "kwatsam" ɗin a nan?

Sauya takalmin ma ba wani gagarumin aiki ba ne. Ana sauya guda biyun tare, ba a barin tsoho ɗaya da sabo ɗaya. A goge kwanon, a duba sifirin ko ya saki, a shafa ɗan giris a jikin ƙarfen da ke buɗa takalman kaɗai, kada ya taɓa fata. A mayar da taya, a saita hannu ya zama yana da ɗan wasa kamar santimita 1 zuwa 2, a juya tayar a tabbatar ba ta kamawa. In na faifai ne, dole a matsa hannu sau da yawa har ya yi tauri kafin a hau, in ba haka ba matsawar farko iska za a kama. Man da za a zuba kuma an rubuta shi a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Sabuwar fata tana son a taka ta a hankali a tsayuwar farko-farko kafin ta zauna daidai.

Ga wani abin da ya kamata ya shiga labaranmu. Masu babur da yawa sun ɗauka birkin gaba shi ke kifar da mutum, har wasu su sassauta shi ko su bar shi a mace. Alhali in babur zai tsaya nauyinsa gaba yake komawa, shi ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga tayar gaba yake fitowa. Fizgarsa a lokaci guda ce ke kayarwa, musamman a kan yashi ko a kwana. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata kafin ka tsaya sau huɗu take ninkuwa.

Mun san abin da wasu za su ce: ƙagaggen labari ba littafin koyon kanikanci ba ne. Haka ne, kuma babu wanda ya ce ku cika shafi uku da sunayen noti da sifana. Amma ku ne fa kuke ɓata sakin layi guda kuna lissafa mana sunan turaren da Alhaji ya sayo a Dubai da launin kujerun motarsa. Kun iya bincike in abin na masu kuɗi ne. Garejin da ke bakin layinku, wanda kuke wucewa kullum, shi ne bai cancanci minti talatin ɗinku ba?

Wasu kuma za su ce ai ajali ba ya jira. Mun yarda, babu mai jayayya da wannan. Sai dai malamanmu sun sha gaya mana cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya. Ko da aka hana achaba a Kano a 2013, babur bai bar titi ba. Shi ke kai magidanci kasuwa, shi ke kai yara uku makaranta a lokaci guda, shi ke kai mai naƙuda asibiti a ƙauye. Masu karanta mu su ne a kansa. In kullum muna gaya musu birki aljani ne mai bugu ba sallama, mun taya su yin kunnen uwar shegu da kukan da suke ji.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne labarin da kuke zubarwa. Ku ɗauki matashin da babur ba nasa ba ne, kullum da yamma sai ya kai balas. Birki ya fara kuka ranar Litinin. Mai babur ya ce gyara a wuyan wanda ke hawa yake. Matarsa na jiran kuɗin cefane. Bakanike ya ajiye masa takalmi iri biyu, mai kyau da mai araha, ya ce zaɓi ya rage naka. Ya ce a ɗan ɗaure masa noti tukuna, sai ranar Juma'a. Laraba kukan ya koma gurnani, ya ƙara sautin rediyon wayarsa don kada fasinja ya ji. Yanzu mai karatu yana jin ƙarar nan a kowane shafi, gabansa na faɗuwa duk lokacin da yaro ya hau bayan babur ɗin. In hatsarin ya zo, ya zo da dalili, da masu laifi, da wanda zai kwana yana cizon yatsa. In bai zo ba ma, kun riga kun nuna mana talauci da halin ɗan Adam fiye da yadda zaman makoki goma zai nuna.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Kowa ya je wurin mai gyaran babur mafi kusa da shi, ya gaishe shi, ya nemi izinin zama. Ku kalli yadda yake cire taya, ku riƙe tsohon takalmi da sabo a hannu ku ga bambancin kaurinsu, ku tambaye shi sunan da yake kiran kowane ƙarfe, ku rubuta yadda ya faɗa. Sannan ku kawo mana shafi ɗaya wanda babur ke cikinsa, birkinsa na kuka, mai shi kuma yana da dalilin da ya sa bai tsaya ba. Wanda kuma yake da babur a gida, ya fara da duba nasa kafin ya ɗauki alƙalami.

Allah ya tsare mu a kan hanya, ya ƙara wa alƙalumanmu kaifi. Sai mun ji daga gare ku.