Keken Ɗinki Mai Dogon Hannu

A Amurka akwai masu ɗinka bargo domin nishaɗi kawai. Sukan harhaɗa ƙyallaye, su shimfiɗa auduga a tsakani, su bi da ɗinki. Domin wannan aiki aka ƙera wani keke mai dogon hannu, wanda ke yawo bisa teburin da kan kai ƙafa 12. Yadin yana nan daram, keken ke tafiya.

Irin wannan ɗinki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Da allura da audugar rimi magabata suka ɗinka lifidi, wanda har yau ake sa wa dawaki ranar hawan Salla a Kano da Katsina.

To, amma mai sha'awar wannan keke a Gwagwalada ya kamata ya tsaya ya yi lissafi. Keken yana cinye ɗaki guda, ga tsadar haya. Yana bukatar lantarki, ga man janareta ya yi tashin gwauron zabo tun janye tallafi a 2023. Ko ba daɗe ko ba jima, dole mai shi ya karɓi aikin kuɗi domin keken ya ci da kansa. Daga nan nishaɗi ya zama sana'a.

Kowa ya sayi rariya, ya san za ta zubar da ruwa.