Yarinyar da ke ɗaga doki, da 'yarki da ke gida

 

Duk sanda aka buɗe sayar da fom, tambaya ɗaya muke yi: ina matan? Mu ne cika filin taro, mu ne anko da guɗa, mu ne kan layin zaɓe tun asuba. Amma da an ce wa zai tsaya takara, sai kowa ta sunkuyar da kai. A Majalisar Dattawa ta goma, mata huɗu ne kacal cikin kujeru 109. Muna ɗora laifin a kan tsadar fom, da iyayen gidan siyasa, da taron tsakar dare, kuma duk gaskiya ne. Sai dai 'yar uwa, akwai wani dalilin da yake cikin ɗakinki. Matar da ta kasa ɗaga hannu a taron mazaɓa tana da shekara 40, tun tana 'yar shekara tara aka koya mata sauke hannun.

Shi ya sa yau zan ba ki labarin wata yarinya 'yar shekara tara da ke cikin littafin yara, sunanta Pippi Longstocking, wato Pippi mai doguwar safa. Wata mata 'yar ƙasar Suwidin, Astrid Lindgren, ita ta rubuta shi. A 1941 'yarta Karin tana kwance da ciwon huhu, ta ce wa uwar ta ba ta labarin Pippi, sunan da ita yarinyar ta ƙirƙira a take. Uwar ta shiga ba ta labari dare bayan dare. A 1944 uwar ta zame a kan ƙanƙara ta yi targaɗe, zaman jinyar ya ba ta damar rubuta labaran. Kamfanin ɗab'i na farko da ta aika wa ya ƙi karɓa. Littafin ya fito a 1945, yau kuma an fassara shi zuwa harsuna sama da 70. Kin ga asalinsa ke nan: uwa ce zaune a bakin gadon 'yarta tana yi mata tatsuniya, irin yadda kakanninmu suka yi mana.

Pippi marainiya ce ta wajen uwa, ubanta kuma matuƙin jirgin ruwa ne da igiyar ruwa ta yi gaba da shi. Ita kaɗai take zaune a wani tsohon gida, daga ita sai dokinta da birinta, da akwati cike da kuɗin zinariya. Jan gashi gare ta, kitso biyu a miƙe, safarta ƙafa ɗaya baƙa ɗaya ruwan ƙasa. Ita ke girkinta, ita ke wanke ɗakinta. Ƙarfi kuwa, dokin nan cak take ɗaga shi.

Na san abin da wasunmu za su ce. Yarinya ba mai kwaɓa, ba ta zuwa makaranta, tana shara ƙarya don nishaɗi, tana barci ƙafafunta a kan filo, wannan ce za mu nuna wa 'ya'yanmu? Maganarku tana kan hanya, kuma ba ku kuka fara ba. A can Suwidin ɗin ma, a 1946 wani farfesa ya caccaki littafin a jarida, iyaye da malamai suka yi ta cewa zai lalata tarbiyya. Ni ma ban ce 'yarki ta bar makaranta ko ta ɗaga wa babba murya ba. Yaro ya san tatsuniya tatsuniya ce. Mun tashi da labarin Gizo da wayonsa da cutarsa, ba mu zama macuta ba. A ɗauki tsaba a bar ƙaiƙayi. Tsabar kuwa uku ce.

Ta farko, Pippi tana da abin hannunta. Akwatin zinariyar nan shi ya sa ba ta jiran kowa kafin ta ci, ba ta kuma yi wa kowa fadanci. Ke da kike siyasa kin fi kowa sanin wannan. Mace nawa aka saye ƙuri'arta da taliya da sabulu da turmin atamfa? Ba don ba ta da hankali ba, don babu ne. Ki buɗe wa 'yarki asusu, ki bar ta ta ƙirga kuɗinta da kanta, ta yanke abin da za ta saya, ta yi kuskure ta ji zafinsa tun kuɗin ba su da yawa. Wannan daban yake da ɗora mata talla lokacin da 'yan uwanta suke aji.

Ta biyu, ta iya cewa a'a. Da 'yan sanda biyu suka zo kai ta gidan marayu, ba ta zage su ba, ba ta kuma bi su ba. Ta mai da abin wasa, daga ƙarshe ta ɗauke su ta ajiye a waje, har da ba su biskit ɗin da ta gasa. Mu kuwa kullum "yi shiru, ke mace ce", "ki yi haƙuri", "kar in ji bakinki". Kunya ado ce, ba musu. Amma yarinyar da ba ta taɓa cewa a'a a gida an saurare ta ba, yaya za ta ce a'a ga malami ko maƙwabci ko ɗan uwa da ya kira ta ɗaki da mugun nufi? Yaya za ta dawo ta faɗa miki? Sau nawa muka ji irin wannan labarin sai bayan ɓarna ta auku?

Ta uku, wadda ta fi muhimmanci a gare mu: ƙarfinta na kare mai rauni ne. Da ta ga yara biyar sun taru a kan wani ƙaramin yaro, ita ta shiga tsakani. Da gobara ta tashi a wani dogon bene, manya suna tsaye suna kallo, ita ta ceto yara biyu da suka maƙale a sama. Ɓarayin da suka shigo sace mata zinariya ma, bayan ta fi ƙarfinsu, ta ciyar da su ta sallame su da kyauta. To wace irin kansila muke nema, wace irin 'yar majalisa, in ba irin wannan ba?

Ita marubuciyar ma ba ta tsaya a littafi ba. A 1976 ta gano harajin da aka yanka mata ya kai kashi 102 cikin ɗari na wani ɓangaren kuɗin shigarta. Sai ta rubuta tatsuniya a jarida tana yi wa tsarin shaguɓe. Ministan kuɗi ya yi mata ba'a, ƙasa ta ɗauki zance, aka gyara dokar, kuma a zaɓen shekarar jam'iyyar da ta shafe shekara 44 tana jan ragamar ƙasar ta faɗi, ana lissafa wannan rubutu cikin dalilai. A 1978 ta yi jawabi a Jamus kan a daina dukan yara, a 1979 Suwidin ta zama ƙasa ta farko da ta haramta shi da doka. Yau hotonta yana kan takardar kuɗin ƙasar.

Mu ma ba mu rasa gwanaye ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17, aka yi ta ɗaure ta a kan mu samu 'yancin jefa ƙuri'a, abin da matan Arewa ba su samu ba sai 1976. Matsalar ita ce mun bar su a jawabin ranar mata da kalanda. Ba mu mai da su labarin dare da yarinya za ta ce "Umma ƙara min" ba.

Don haka ga roƙona. Wadda take karanta Turanci ta nemi littafin Pippi, ta karanta, ta ba wa yara da Hausa. Wadda ba ta samu ba, ta ba su labarin Gambo da Nana Asma'u da Sarauniya Amina. Kuma a zaunar da 'yan mazan su ji, don su saba da mace a gaba. In kin gama, ki tambayi 'yarki: da ke ce, me za ki yi? Sai ki yi shiru ki saurare ta har ta kai aya, ko da amsar ba ta yi miki ba. Shugabannin mata na mazaɓu, a taronmu na wata-wata a ware rabin awa, kowa ta zo da 'yarta. Marubutan cikinmu kuma, kun cika kasuwa da littafin soyayya, ku rubuta mana yarinya Bahaushiya 'yar shekara tara mai kunya da addini, wadda kuma ba a taka ta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mun sani. Abin dubawa shi ne ina muke tanƙwara shi ya fuskanta. 'Yar takarar da za mu nema nan da shekara 25, yanzu haka tana tsakar gidanki tana wanke-wanke.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya shirya mana su. A taimaka a tura wa sauran zaurukan mata.