RA'AYINMU: Ɗan Katsina Da Harshen Faransanci

Kowace shekara, da zarar an fitar da sunayen waɗanda suka sami shiga Jami'a, akwai sashe guda wanda 'yan'uwanmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke gudu kamar gidan annoba, watau Sashen Faransanci. Wanda ya nemi karatun shari'a ko na mulki aka tura shi can, sai ya kama yawon ofis-ofis yana roƙon a canja masa. Iyaye a gida kuma tambayarsu ɗaya ce: me za a yi da harshen da ba na addini ba, ba kuma na Gwamnati ba? Tambayar tana da nauyi, ta kuwa cancanci amsa. Mu dai a ganinmu, a duk faɗin Nijeriya babu wanda ya fi ɗan Katsina bukatar wannan harshe.

Mu fara da taswira. Ƙasashe huɗu ne suka kewaye mu ta tudu: Binin, Nijar, Cadi da Kamaru, dukansu kuwa da Faransanci ake aikin ofis a cikinsu. Jiharmu ta jingina da Jihar Maraɗi tun daga Jibiya. Wannan iyaka ba kakanninmu suka shata ta ba. Ingila da Faransa ne suka yi cinikinta a yarjeniyoyin 1890, 1898, 1904 da 1906, sa'an nan suka aiko ma'auna suka kakkafa alamu. Zuriyar sarakunan Katsina da suka yi hijira bayan jihadi su suka kafa Maraɗi, har yau kuma Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar garin. Gida ɗaya ne aka raba da katanga, aka ba kowane ɓangare alƙalami dabam.

Wani zai ce ai mu 'yan kudu ne, mun fi kusa da Funtuwa da Zariya, ina ruwanmu da iyaka? To, a tambayi manomin masara na Faskari ko na Sabuwa inda buhunansa suke ƙarewa bayan sun bar kasuwar Dandume, a kuma tambayi dillalin shanu na Sheme daga ina kayansa suke gangarowa. Sa'ad da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, har zuwa buɗe ta a watan Maris na 2024, ba mutanen Jibiya kaɗai suka ji a jikinsu ba. Masifar 'yan bindiga ma ba ta san iyaka ba. Tun 2019 dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka gudu zuwa Jihar Maraɗi, a shekarar kuma Gwamnonin jihohin nan uku suka tafi har Maraɗi don shawara da takwaransu kan tsaro.

Nan ne za a kawo hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi: ai da Hausa muke magana da su. Gaskiya ne. A kasuwa, da masallaci, da wurin ɗaurin aure, Hausa ta wadatar. Amma fa ciniki yana ƙarewa da baki, hukuma kuwa da takarda take aiki. Takardar duwan, da rahoton jandarma, da hukuncin kotu, da takardar shaidar lakwal, duk da Faransanci ake rubuta su. Ma'aikacinmu yakan gaisa da ɗan'uwansa na can da Hausa tsantsa, su yi raha, su ci tuwo tare, amma da an miƙo takardar da za a sa wa hannu sai ya zama baƙo, ya jira tafinta. Wanda ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba, ya ba da amanar jama'arsa ga wanda ya karanta masa. Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar tana Yamai tun 1971. Hukumar Tafkin Cadi tana Njamena tun 1964. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina da Jibiya. Duk waɗannan suna bukatar akawu da lauyoyi da jami'an kwastan masu harsuna biyu. In ba mu shirya ba, za a cike guraben da waɗanda suka shirya, mu kuwa mu zama 'yan kallo a ƙofar gidanmu.

Ban da abinci, akwai ilmi. Rabin tarihin Ƙasar Hausa yana kulle cikin Faransanci. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, Djibo Hamani ya yi aiki mai zurfi kan Adar, Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi kan Alhazan Maraɗi a 1986, Abdoulaye Mamani kuma ya fitar da labarin Sarauniya a 1980. Ɗalibin tarihi da zai rubuta kan Katsina bai karanta abin da aka adana a Yamai ba, da ido ɗaya yake duban kakanninsa.

Hujja ta uku ita ce ta zamani: ai Nijar ma ta kori Faransa. Haka ne, sojojin Faransa sun fita a Disambar 2023. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka bar Ƙungiyar ECOWAS, a Maris na shekarar kuma dokar ƙasa ta ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa. Mu masu wannan mujalla mun fi kowa murna da haka. Amma dokar nan da kanta ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, domin ba a fassara dokoki da littattafan makaranta na shekara sittin cikin dare ɗaya. Su wa za su yi wannan fassara in ba masu Hausa da Faransanci ba? Mu da muka sami mulkin kai daga Ingila tun 1960, da wane harshe muke rubuta jarrabawa? Koyon harshen mutum ba mubaya'a ba ce gare shi.

To, me ya hana mu? Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. A 1996 Janar Sani Abacha ya bayyana Faransanci harshen hukuma na biyu, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1998 kuma ta wajabta koyar da shi a ƙananan azuzuwa. Doka ta zauna a takarda, malami bai iso ƙauye ba. Da yawa daga cikinmu mun gama sakandare ba mu taɓa ganin malamin Faransanci ba. Bayan daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe yara fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, samun malamin da zai yarda ya zauna a yankinmu ya ƙara wuya, ko na lissafi ne, balle na harshen waje. Ga yadda igiyar take zagayawa: ba malami, saboda haka ba ɗalibi, ba ɗalibi, saboda haka gobe ma ba malami. Baƙo zai nemi canjin wurin aiki. Ɗan gari ne kaɗai zai zauna, shi ne kuwa yake gudun sashen.

Wanda ya daure ya shiga kuma yana da wani tudu a gabansa. Tun da aka kafa Ƙauyen Koyon Faransanci na Badagry a 1991, can ake tura ɗalibai a shekararsu ta uku su zauna cikin harshen. Ga ɗan manomin da bai iya zuwa gonarsa cikin kwanciyar hankali ba, kuɗin mota zuwa Legas da na zama a can ba ƙaramin kaya ba ne.

Bisa ga haka muna kira da abubuwa huɗu. Na farko, Hukumar Ba Da Tallafin Karatu ta Jiha ta ware kaso na musamman don shekarar Badagry, bisa sharaɗin wanda ya amfana ya koma ƙaramar hukumarsa ya koyar na shekara biyu. Na biyu, Jami'o'in da ke karɓar 'ya'yanmu, daga Zariya zuwa Katsina da Dutsin-ma, su buɗe aji na share fage don wanda bai taɓa yin Faransanci ba. Na uku, a ƙulla musayar ɗalibai da Jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta Maraɗi, wadda ke kusa, inda ɗalibi zai ji harshen da rana ya kwana cikin danginsa. Na huɗu, mu kanmu: ƙungiyoyin ɗaliban Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su shirya ajin yamma sau biyu a mako, 'yan Sashen Faransanci su koyar, ƙananan ma'aikata ma a buɗe musu ƙofa.

Ga sabon ɗalibin da ke riƙe da takardar neman canjin sashe kuwa, shawararmu ita ce ya dakata, ya ba harshen zango ɗaya kafin ya yanke hukunci. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma mun daɗe muna aika wasu su karanto mana wasiƙun 'yan'uwanmu. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a garuruwanmu, Ya sa mu dace. Amin.