TSIBIRI BA SHI DA TASHAR MOTA

Duk wanda ya zauna a majalisar 'yan Arewa a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun bayan sallar lisha, da wuya ya tashi bai ji hirar fita waje ba. A da maganar ba ta wuce ta Makka da Kumasi da Kartum. Yanzu kuwa har tsibiran tsakiyar teku sun shigo cikin hira, irin su Morishus da Barbados, saboda hotunan da ake ta nuna wa juna cikin waya: farin rairayi, ruwa garai-garai, itatuwan kwakwa, ba hayaƙi, ba cunkoson motoci. Mutumin da ya wuni yana dako a kasuwar Mil 12, ya kwana su shida a ɗaki guda, ba abin mamaki ba ne in ransa ya biya.

Ba kuwa za a ce sha'awar nan wauta ce ba. A ɗauki Morishus, wadda ke cikin Tekun Indiya gabas da Madagaska. Ta sami mulkin kai daga Ingila a 1968, mutanenta sun ɗara miliyan ɗaya da kaɗan, kuma tun daga lokacin ba a taɓa yin juyin mulkin soja a cikinta ba. Makarantar gwamnati kyauta ce, asibitin gwamnati ma haka. Babu sanyin ƙanƙara irin na Turai. Ana aiki da Turanci a ofisoshi. Wajen kashi ɗaya cikin shida na jama'arta Musulmi ne, babban masallacin Juma'a na Fot Luwis kuwa ya haura shekara 150 da ginawa. Baƙo daga Kano ba zai rasa inda zai yi salla ba, ba zai rasa naman da zai ci ba.

To, amma fa wane irin baƙo ne waɗannan ƙasashe suke yi wa maraba? A 2020, sa'ad da annobar korona ta tsayar da masu yawon buɗe ido, Barbados ta fito da takardar zama ta wata 12. Kuɗin takardar dala 2,000 ne ga mutum ɗaya, kuma sai wanda ke sa ran samun dala 50,000 a shekara daga aikin da yake yi wa wata ƙasa dabam. A shekarar nan Morishus ta fito da irin tata, da sharaɗin kuɗin mutum daga waje za su riƙa zuwa masa, kada ya nemi aiki a gida. A yankin Karibiyan kuwa, Sent Kits da Nebis tun 1984 take sayar da zama ɗan ƙasa, farashin da ta yanka a 2023 kuwa dala 250,000 ne. Watau dai abin da suke nema shi ne mai zuwa da guzurinsa ya kashe a ƙasarsu. Mai zuwa da ƙarfinsa kaɗai, wata ƙofa dabam ake nuna masa, kuma Nijeriya ta san wannan ƙofa sarai.

Kudu da Kalaba akwai wani tsibiri, nisansa daga gaɓar Kamaru bai fi kilomita 32 ba. Turawa suka sa masa suna Farnando Fo, yau ana ce masa Biyoko, mutanen Gabas kuwa Fanya suke ce masa, watau ƙasar Turawan Sifen. Tsibiri ne mai kyaun gani, ga dogon dutse da ya haura mita 3,000, ga baƙar ƙasa mai albarka wadda ta yi suna wajen noman koko. Abin da Turawan Sifen suka rasa shi ne hannuwan da za su yi musu aikin gandu. Saboda haka a 1942 suka ƙulla yarjejeniya da Turawan Ingila masu mulkin Nijeriya, aka buɗe wurin ɗaukar leburori a Kalaba. Kafin wannan ma akwai dillalai masu tsallakar da mutane cikin kwalekwale da dare, da alkawarin kuɗi da jin daɗi. Dubban mutane suka tafi, yawancinsu Ibo da Ibibiyo da Efik, har ya zamana 'yan Nijeriya ne ƙashin bayan noman koko a tsibirin.

Mutum yakan sa hannu a kwantiragi, ya zama a hannun mai gandu guda har wa'adinsa ya cika. Ba ya iya sauya ubangida don ransa. Ƙorafin duka da rashin kula da marasa lafiya ya yi ta zuwa gida, jaridun Ikko suka yi ta bugawa, gwamnati ta yi ta aika wakilai suna dubawa suna dawowa. Duk da haka ana ta tafiya, don kuwa yunwa ba ta karanta jarida.

Ranar 12 ga Oktoba, 1968, ƙasar ta sami mulkin kai da sunan Ikwatoriyal Gini, Faransisko Masiyas Ngema ya zama shugaba. Kafin a je ko'ina mutumin nan ya juya kan jama'arsa da kisa da ɗauri, Turawan gandu suka gudu, albashi ya tsaya. Leburorin da suka nemi haƙƙinsu aka gamu da su da bindiga. A nan ne bambancin tsibiri da sauran ƙasashe ya fito fili. Da gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana a 1969, Hausawa da Yarabawa sun sha wuya ƙwarai, sun bar dukiya, amma akwai hanya: wasu suka hau manyan motoci, wasu suka bi ta Togo da Dahomi, wasu suka yi arewa. Mutanen Fanya kuwa ruwa ne gaba, ruwa ne baya. Sai da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta aika da jiragen ruwa da na sama, daga ƙarshen 1975 zuwa farkon 1976, aka kwaso dubban mutane, da yawa daga cikinsu ba su sauka da kome ba sai abin da ke jikinsu. Noman koko na tsibirin ya durƙushe bayan tafiyarsu. Masiyas da kansa an hamɓare shi a 1979.

Ɗan Arewa da ke zaune a Kurmi ya fi kowa sanin amfanin hanya. In zama ya yi tsami, ko an aiko mahaifi ba shi da lafiya, sai ya ɗaure kayansa ya nufi tasha, ko bayan tirelar shanu ce ya hau, gobe ko jibi yana gida. Yana da Sarkin Hausawa da zai kai wa kuka, yana da ɗan garinsu da zai ba shi tabarma. A tsibiri babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kuɗin jirgi ne kaɗai hanya, fasfo kuwa in yana aljihun ubangida, to, an gama.

Ko masu kuɗin ma ba su tsira gaba ɗaya ba. Ƙaramar ƙasa ba ta noma abin da zai ishe ta, shinkafa da mai da siminti duk jirgi ke kawowa, saboda haka tsada ba ta rabuwa da kasuwa. Guguwar Mariya ta watan Satumba, 2017, cikin dare ɗaya ta yaye rufin yawancin gidajen Dominika. Waɗanda suka sayi fasfon wannan ƙasa don shiga Ingila ba tare da biza ba kuwa, a watan Yuli, 2023 Ingila ta soke wannan dama, kuɗinsu bai dawo ba.

Ba a ce kada kowa ya je ba. Likita, ko malami, ko ɗan kasuwa mai jari, wanda ya riƙe takardar izinin aiki da sunansa kafin ya bar gida, zai iya samun zaman lafiya a irin waɗannan wurare. Wanda ake ji wa tsoro shi ne saurayin da dillali zai ce masa ya sayar da babur ɗinsa, ko gonar gado, a kai shi aikin otal ko jirgin kamun kifi da bizar yawon buɗe ido. Ya kamata sarakunan Hausawa da limaman Juma'a na garuruwan Kurmi su gaya wa jama'a cewa bizar yawo ba ta ba mutum ikon yin aiki. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuma, tun da ita ke ba masu ɗaukar ma'aikata lasin, wajibi ne ta buga sunayen masu lasin da Hausa, a manna a tashoshin mota da ƙofofin masallatai, don duk wanda dillali ya zo masa ya fara duba ko sunansa yana ciki kafin ya ba da ko sisin kwabo.