Darasin Makarantar Akoka Ga Attajiran Idi-Araba

A watan Satumba na shekarar 2022 gwamnatin Jihar Legas ta faɗaɗa dokar hana acaɓa zuwa ƙaramar hukumar Mushin, inda unguwar Idi-Araba take. Matakin ya fito da wata tsohuwar matsala fili: da yawa daga cikin matasan Hausawa mazauna Legas ba su da wata sana'ar hannu da za su koma wa idan aka ƙwace babur.

Ba da nisa ba, a unguwar Akoka, akwai misalin da ya kamata 'yan kasuwa su duba. A shekarar 1956 wani limamin Katolika ɗan ƙasar Ayilan, Fada Denis Slattery, ya kafa Kwalejin St. Finbarr's, wadda ta haɗa karatun sakandare da darussan fasaha a makaranta guda. Jama'a sun fi saninta da ƙwallon ƙafa, domin a can marigayi Stephen Keshi ya yi karatu, amma muhimmancinta ga tattalin arziki yana cikin wannan haɗin. Yaron da ya fito da takardar sakandare a hannu ɗaya, sana'a a ɗaya hannun, yana iya karanta zanen gini, ya ƙiyasta kuɗin kaya, ya rubuta takardar neman kwangila. Wanda ya koyi walda ko gyaran lantarki a bakin titi kawai, komai ƙwarewarsa, galibi ɗan aikin wani zai zama.

Tsarin ilmi na 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 ya yi nufin yaɗa irin wannan koyarwa a duk ƙasa. Sai dai a makarantu da dama injinan da aka sayo sun yi tsatsa cikin akwatuna, saboda rashin wutar lantarki da malamai. Abin da makarantun mishan suka fi shi ne akwai mai makaranta da ke bin diddigin kowane kwabo.

Gaskiya ne iyaye Musulmi da yawa ba za su saki jiki su kai 'ya'yansu makarantar coci ba, kuma kuɗin makaranta ma ya fi ƙarfin mai tura baro. Ba a ce lallai sai an kai su can ba. Tsarin ake so a ara. Dillalan shanu na mayankar Oko-Oba a Agege, da fataken tumatir da albasa na kasuwar Mile 12, da 'yan canji, sun saba haɗa kuɗi domin gina masallatai da makarantun Islamiyya. Ƙara ɗakin koyon gyaran firji, aikin famfo da haɗa wutar sola a irin waɗannan makarantu bai fi ƙarfinsu ba, kuma su ne farkon masu bukatar ma'aikatan, tun da nama da tumatir ba sa jure zafi.

Sharaɗin kawai shi ne a nemi rajista, domin ɗalibai su zauna jarrabawar hukumar NABTEB mai hedkwata a Benin, su fito da takardar shaidar da kamfanonin Ikeja da Apapa za su karɓa.