Ƙurajen leɓe: a bar sumbatar jariri har baki ya warke

Da sanyin hunturu ya kama, ko bayan mutum ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro, sai ka ga ƙananan ƙuraje masu ruwa sun feso masa a gefen leɓe. Jama'a kan ce ciwo ne ya fita, a yi hamdala a wuce. Ga babba, yawanci hakan ba komai ba ne. Ga jariri kuwa, magana ce ta rai.

Waɗannan ƙuraje, da ake kira bouton de fièvre da Faransanci, ƙwayar cutar herpes nau'i na 1 ce ke haddasa su. Hukumar Lafiya ta Duniya OMS ta ƙiyasta cewa kusan mutum 2 cikin 3 na 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita, galibi tun suna yara. Saboda haka ba abin kunya ba ne, ba kuma shaidar lalata ba ce kamar yadda wasu samari ke tsokanar juna a fada. Idan ta shiga jiki, takan ɓuya a jijiya har ƙarshen rayuwa. Zazzaɓi, zafin rana, gajiya, damuwa ko jinin al'ada ne ke tayar da ita. Ƙurajen kan bushe da kansu cikin kwana 7 zuwa 10.

Inda matsalar take shi ne ranar suna. Jariri ɗan kwana bakwai yana yawo daga hannun gwaggo zuwa na kaka, kowa na sumbatarsa, wani ya yi masa tofi. Ƙwayar na yaɗuwa ta ruwan ƙurjin da kuma yawu, alhali garkuwar jikin jariri ba ta yi ƙwari ba a makonninsa na farko. Tana iya kai wa ƙwaƙwalwarsa ko hantarsa, har ta yi kisa.

Gaskiya ne, ba ƙaramin nauyi ba ne mai jego ta ce wa surukarta ta dakata. Shi ya sa bai kamata a bar mata wannan aiki ba. Mai ƙurjin ne ya dace ya ja baya da kansa, ya yi addu'a daga nesa. Uban jariri kuma ya yi bayani cikin ladabi. Idan uwar ce ke da su, ta ci gaba da shayarwa muddin babu ƙurji a nononta, ta riƙa wanke hannu, ta rufe bakinta.

Ga mai fama da su, maganin aciclovir ya fi aiki idan an fara shi tun leɓe na ƙaiƙayi, bisa shawarar likita ko mai farmasi. Toka, man goge baki da garin kafso na 'yan talla ba sa kashe ƙwayar. Kada a ɓantare ɓawon, kada a taɓa ido da hannun da ya taɓa ƙurjin, a kuma ware kofin shayi. Fitowar ƙurajen ba ta nufin zazzaɓin cizon sauro ya warke: a ƙarasa shan magani.

Jaririn da jikinsa ya yi zafi, ya ƙi nono, ya yi laushi ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa, a kai shi CSI ko asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.